Faɗakarwa Ga Wanda Ya Bar Taba, Sa'an Nan Baƙin Ciki Ya Same Shi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu numfashi aro, kuma Shi zai karɓi abinSa ranar da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa.

Bayan haka, waɗansu 'yan'uwa daga cikin masunta da manoma na nan Lagdo, da masu kai kifi kasuwar Garwa, sun sha yi mini tambaya guda. Mutum ne ya bar taba sigari, ya shekara biyu ko biyar bai kusance ta ba, har warinta ya zama yana damunsa. Rana ɗaya sai aka yi masa rashi, ko kwalekwalensa ya kife da taru da injin da ya ci bashi ya saya, ko damina ta ƙi auduga. Ba a yi kwana uku ba sai ga shi da kara a hannu. Suna cewa: shin wannan yana da uzuri? Barin da ya yi da fari gaskiya ne ko yaudarar kai? Kuma wanda bai koma ba tukuna, amma yana jin tana kiransa, ina mafita? Na tsara baitoci biyar a kan haka, zan kawo kowane a wurinsa tare da abin da ya sawwaƙa na sharhi.

Kafin nan ka sani, ya ɗan'uwana, Allah Ya datar da mu da kai, magabata na farko ba su san taba ba. Daga Amurka ta fito, ba ta iso ƙasashen Musulmi ba sai wajen shekara ta 1000 ta Hijira, watau gab da 1600, kuma tun isowarta malamai suka rarrabu. Shehu Ahmadu Baba na Tambutu, wanda ya rasu a 1627, ya halatta ta. Shehu Ibrahimu Laƙƙani na Masar, wanda ya rasu a 1631, ya hana. Shehu Aliyu Ajhuri, shi ma Bamalike ne a Masar ɗin, ya rasu a 1656, ya halatta ta ga wanda ba ta gusar masa da hankali kuma ba ta cutar da jikinsa. Sarki Muradu na huɗu a Istanbul ya hana ta a 1633 har da hukuncin kisa, ba ta hanu ba. Nan kusa da mu, a ƙasar Bagarmi, Shehu Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu Bafillace ya wallafa littafi a kan haramcinta a cikin wannan ƙarni ɗin. Shehu Ahmadu Tijjani kuwa, Allah Ya yarda da shi, ya tsananta hani a kanta, wannan sananne ne ga almajiransa.

Ka lura da sharaɗin Ajhuri, domin a kansa maganar ta tsaya. A zamaninsa cutarta ba ta bayyana ba. A 1950 waɗansu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna dangantakarta da sankarar huhu, bayansu hujjoji suka yi ta taruwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cewa tana kashe mutum sama da miliyan 7 kowace shekara. Binciken da aka yi a Kamaru a 2013 ya sami kusan mutum 9 a cikin kowane baligi 100 yana amfani da ita. Sharaɗi ya faɗi, halascin da aka rataya a kansa ya bi shi. Ba zan tsawaita a nan ba, domin wanda nake yi wa magana ya riga ya bari, hukunci ba shi ne ya ɓace masa ba.

Na ce:

Wanda ya bar taba a kwanan walwala,
Ranar rashi ake gane ko ya bar ta.

Kada ka fahimci baitin nan da cewa barin farko ƙarya ne. Abin nufi, alkawarin da mutum ya ɗauka yana cikin jin daɗi, wani mutum ne daban zai biya shi, watau shi ɗin dai ranar da ya dawo daga maƙabarta, ƙafarsa da ƙura, cikinsa babu abinci, idonsa bai ga barci ba. A nan ne mai wayo yake kawo shubuha, ya ce: wancan da ya yi alkawari bai san abin da nake ji yau ba, don me zai ɗaure ni? Sai in ce masa, ai don yau ɗin aka yi alkawarin. Ranar da babu abin da ke janka, ba ka bukatar igiya. Masunci yana ɗaure kwalekwale da yamma ruwa na kwance, saboda iskar da ke tasowa tsakar dare, ba ya cewa sai ta taso zai nemi turke.

Imamu Gazali, a littafin haƙuri da godiya na cikin Ihya'u, ya siffanta haƙuri da tsayuwar mai kira na addini a gaban mai kira na son rai, kamar runduna biyu da ke fafatawa a cikin ƙirji guda. Malamai kuma sun kasa haƙuri uku: haƙuri a kan yin ɗa'a, da haƙuri ga barin saɓo, da haƙuri a kan musiba. Wahalar mutumin da muke magana a kansa ita ce an nemi biyu daga gare shi a lokaci guda, na musiba da na bari, alhali ƙarfinsa duk ya tafi ga na farkon. Wannan ne ya sa nake ganin ya cancanci tausayi fiye da zargi. Amma tausayi daban, uzuri daban. Ko da duk malaman Garwa da Yola sun taru sun ba shi uzuri, huhunsa ba zai karɓi fatawarsu ba, 'ya'yansa da suka rage kuma uba suke bukata mai numfashi.

Wanda ya ce ba shi da iko, azumi yana ƙaryata shi. Mun ga mai shan kwali guda a yini yana kamewa daga alfijir zuwa faɗuwar rana kwana 30, a cikin zafin Garwa da kowa ya san shi, ko da an yi masa rashi a cikin watan. Ikon yana nan, sai dai a watan azumi ƙofar a rufe take ruf, zuciya ba ta ko tsayawa ciniki. Ciniki shi ne ke kayar da mutum.

Na ce:

Ba ta da maganin baƙin cikin kowa,
Bashin da ta ɗora maka ne ka biya ta.

Wannan baiti yana bukatar a saurari likitoci, domin su ne ma'abota fannin. A cikin taba akwai wani sinadari, nikotin, wanda yake isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa. Bayan kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, sai jiki ya fara nema, nemansa kuwa yana zuwa ne da siffar ƙunci, da saurin fushi, da rashin natsuwa. Mai sha sai ya kunna wata, ƙuncin ya kwanta, ya ce taba ta kwantar masa da hankali. Alhali ƙuncin da ta kwantar nata ne, ita ta haifar da shi. Kamar mai bin bashi ne da yake buga maka ƙofa kowace awa biyu, in ka ba shi ya tafi ka ji sanyi, har ka riƙa yi masa godiya a kan sanyin. Ita kanta zuciya ta nama, taba ƙara mata bugu take yi, jini kuma ya hau. A 2014 mujallar likitoci ta BMJ a Ingila ta buga wani nazari da ya tattara bincike 26, aka ga waɗanda suka bari, bayan makonni, damuwarsu da ƙuncinsu sun ragu fiye da na waɗanda suka ci gaba da sha.

To, wanda ya shekara biyar da bari, wane bashi ake binsa? Babu. Wahalar jiki takan yi tsanani ne a kwanakin farko, ta ragu cikin mako 2 zuwa 4. Abin da ya rage masa tuni ne kawai. Shekara da shekaru ya koya wa kansa cewa in rai ya ɓaci hannu ya tafi aljihu, to hanyar nan tana nan kamar turbar shanu da ciyawa ta rufe, ranar da aka firgita garke ta nan zai bi. In ya kunna, abin da zai samu tari ne da jiri da ɗaci a baki, mamacinsa yana nan a kabari, bashin injin yana nan, sa'an nan ya sake buɗe littafin mai bin bashin da ya riga ya sallama. A ƙaddara kara ɗaya sefa 25 ne, goma a yini, a shekara ya ƙone sefa 91,250, a gidan da aka bar masa marayu. Matan da ke yin banda a bakin tafki sun fi kowa sanin abin da hayaƙi ke yi wa nama. Ku dubi karfasa kafin ta hau waya da bayan ta sauka. Hausawan da kuwa da suka kira garin tabar da ake shaƙa asara, ko da gangan ne ko dacewa ce, sunan ya zauna daidai.

Na ce:

Zuciya tafki ce, hawaye ƙofa,
Wanda ya rufe ƙofar shi ya fasa ta.

A nan zan daɗe, domin a ganina nan ne tushen al'amarin, kuma nan ne laifi yake tashi daga kan mutum ɗaya ya hau kanmu duka.

Ina saurayi aka gina madatsar nan ta Lagdo a kan kogin Binuwai, daga 1977 zuwa 1982, da aikin mutanen Sin, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Tafkin da ta tara ya kai murabba'in kilomita 586, injinanta huɗu suna ba Garwa da Marwa da Ngaundare wuta, ruwanta kuma ya tara mana jama'a daga ko'ina, Musgum da Kotoko da Hausawa da waɗansunsu, kowa ya zo neman giwan ruwa da tarwaɗa. Duk wanda ya zauna kusa da ita ya san abu guda, ba a gina ta don ta riƙe ruwa duka ba. An yi mata ƙofofi. In damina ta yi ƙarfi tafki ya cika, tilas a buɗe, in ba haka ba ginin kansa ke cikin haɗari. Kuma kowa ya san bambancin sakin ruwa kaɗan kaɗan da sakinsa a tare. A 2012 tafki ya cika aka buɗe, ruwan sama kuma ya yi yawa a ko'ina, rafukan da ke zuba a Binuwai duk suka kawo, aka yi ambaliya tun daga nan har Yola da Makurɗi da Lakwaja. Hukumar agajin gaggawa ta Nijeriya ta lissafa mutum 363 da suka rasu a ambaliyar shekarar, da sama da miliyan 2 da suka bar gidajensu. A 2022 aka sake, waɗanda suka rasu a Nijeriya suka haura 600. Allah Ya jiƙansu. A cikin masu karanta wannan akwai wanda ya rasa gona ko gida ko ɗa a waɗannan shekaru, ba labari nake ba shi ba.

Baƙin ciki ruwa ne mai zuwa ba da shawararka ba. Allah Ya yi masa ƙofofi na halal: hawaye, da faɗa wa amini abin da ke cikin rai, da kai kuka ga Ubangiji a cikin sujada. Mu kuwa sai muka bi muka toshe su. Bahaushe ya ce namiji ba ya kuka. Bafillace yana da munyal da semteende, watau dauriya da kunya, har uwa ta binne ɗan farinta ba a ga idonta ya jiƙe ba, a yabe ta. Dauriya abu ne mai kyau, ni ma da ita aka rene ni, kuma ba na son ranar da za ta ƙare a cikinmu. Amma mun kai ta inda shari'a ba ta kai ta ba. Da mutum ya fara hawaye a zaman makoki sai a taso masa ta ko'ina, haba Malam, yi haƙuri mana, kai fa babba ne. Ya haɗiye. Ruwan bai koma sama ba, yana nan yana neman inda gini ya fi rauni, a wurin tsohon mashayi kuwa an san inda raunin yake. Shi ya sa za ka ga ya tashi daga tabarma ya zaga bayan gida. Karan sigarin nan shi ne kaɗai dalilin da jama'a za su karɓa na ya keɓe minti biyar, ya ja dogon numfashi, ya sauke shi, idonsa ya yi ja a ce hayaƙi ne. Wallahi da yawansu keɓewar da numfashin suke bukata, tabar rakiya ta yi.

Dubi Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa ranar da ɗansa Ibrahimu yake barin duniya ya ɗauke shi, idanunsa suka zubar da hawaye, har Abdurrahmani ɗan Aufu ya yi mamaki ya tambaye shi, ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta, ba su ga aibi a sunan ba. Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har ganinsa ya tafi, kuma shi ne aka ba mu misali da shi a kan haƙuri mai kyau. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Hawaye ba ya cikinsu. Wanda ya hana ɗan'uwansa abin da Annabi ya yi, da sunan haƙuri, ya ɗora masa kayan da addini bai ɗora masa ba, in kayan suka karya shi ta wajen taba, ko ta wajen ƙwayar tiramol da ta addabi samarinmu masu babur, to mai hanin yana da kaso.

Idan ka ce, ai an ruwaito cewa haƙurin da ake ba lada a kansa shi ne na farkon bugun musiba, sai in ce haka ne, kuma hujja ce a gare ni. Haƙurin farkon bugu shi ne harshe ya kame daga saɓo, hannu ya kame daga ɓarna. Ido yana zuba hannu yana kame, wannan mai haƙuri ne. Ido a bushe hannu yana laluben ashana, wannan sai mu roƙa masa Allah.

Na ce:

Kai mai miƙa kara a zaman makoki,
Ba ta'aziyya ka yi ba, ka ƙara cuta.

Na san wani masunci a ɗaya daga cikin tungayen tafkin nan, ya shekara bakwai da bari. Iska ta kife kwalekwale da ɗansa, sai a rana ta biyu aka sami gawar. Daren nan abokansa suka zauna tare da shi a bakin ruwa, ana dafa shayi, wani tsohon abokinsa ya ga yadda jikinsa ke rawa, tausayi ya kama shi, ya zaro kara ya kunna ya miƙa masa, ya ce, riƙe wannan, yau dai ɗaya. Ba mugu ba ne, abin da yake da shi ya bayar. Kafin sadakar arba'in mutumin ya koma kwali guda a yini. Da na yi wa abokin magana sai ya ce, Allah gafarta Malam, to me zan ba shi? Tambayar nan ta fi ƙarfin a yi mata tsawa, amsa take so.

Sunna ta riga ta amsa. Da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya zo daga Mu'uta a shekara ta 8, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Nana A'isha kuma takan sa a dama wa waɗanda aka yi wa rashi talbina, wani kunu ne na garin sha'ir, ta ruwaito cewa yana sanyaya zuciyar mai baƙin ciki. Ka ba shi kunu mai zafi, ka tsaya har ya sha. Yunwa da rashin barci su ne 'yan gaban sha'awar taba, mai makoki kuwa yakan yini bai ci ba bai sani ba. Ka kama hannunsa ku taka zuwa bakin ruwa, ka bar shi ya yi maganar yaron, ko ya yi shiru, kada ka cika shi da wa'azi. In kai mashayi ne, ka bar kwalinka a gida ranar, ko ka yi nisa in za ka sha, domin warin kaɗai ya isa.

Abin da na lura da shi kuma, kwanakin zaman makoki ba su ne mafi haɗari ba ga kowa. Akwai wanda yake tsallake su lafiya saboda idon jama'a, sai bayan sadakar bakwai, an naɗe tabarmi, baƙi sun koma Garwa da Rai Buba, gida ya yi tsit, ya ga takalmin mamacin a bakin ƙofa. Mai tebur kuwa yana nan a bakin hanya, yana sayar da kara ɗaya ɗaya, ba sai ka sayi kwali ba. Nijeriya ta hana irin wannan sayarwa a dokarta ta 2015 saboda ta san ƙaramar ƙofa ita ce ɓarawo ke bi. Ta'aziyyar da ta fi amfani ita ce ta mako na biyu da na uku, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. 'Yan'uwa na zawiya, in kun ga wurin mutum a sahun wazifa babu kowa kwana biyu bayan rashi, kada ku ce a bar shi ya huta, ku je ku zo da shi.

Kai kuma mai rashin, ga abin da yake hannunka. Sha'awar nan ba ta zama, tana tasowa ne kamar igiyar ruwa, ta yi tsawo, ta faɗi, galibi cikin 'yan mintoci. Ba a ce ka yi haƙurin shekara ba, na wannan igiyar kaɗai ake nema, kuma alwala da raka'a biyu sun kai tsawonta. An ruwaito cewa Annabi in al'amari ya tsananta gare shi salla yake tashi ya yi, kuma ya koyar da mai fushi ya sauya halin da yake ciki, in yana tsaye ya zauna, ya kuma yi alwala. Hannun da ya saba riƙe kara ka ba shi carbi, bakin ka ba shi asawaki. Numfashin da kake ja da hayaƙi ka ja shi da hailala, a hankali, ka sauke a hankali. Goro ba laifi da rana, da dare kuwa zai hana ka barcin da kake bukata. Kada ka ajiye ko kara ɗaya a gida da sunan gwada kai. Ka zaɓi mutum guda tun yau, tun ba a yi maka rashi ba, ka ce masa, ranar da ka ga abu ya same ni kada ka bar ni ni kaɗai da dare. In abin ya fi ƙarfinka ka je wurin likita, akwai cingam da filasta masu nikotin kaɗan da ake taimaka wa mai bari da su, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magunguna na tilas tun 2009, neman magani kuwa ba ya warware tawakkali. Wanda kuma baƙin cikinsa ya wuce watanni bai sassauta ba, ba ci ba barci, ko ya fara jin gara ya bi mamacin, wannan ciwo ne, a kai shi asibiti kamar yadda ake kai mai zazzaɓi.

Na ce:

In ka yi tuntuɓe da guda, ka miƙe,
Gonar da ka nome kada ka ƙone ta.

Wannan ga wanda ya riga ya kunna. Shaiɗan yana da magana biyu, ɗaya kafin kara, ɗaya bayansa. Kafin ka sha yana cewa ɗaya ce tak, ba komai. Da ka sha sai ya juya ya ce ai ka riga ka ɓata, shekara bakwai sun tafi, sayi kwalin kawai. Ta biyun ta fi ta farko kisa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Alan Marlatt, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1985 a kan hana komawa ga shaye-shaye: abin da ke mayar da tuntuɓe ɗaya faɗuwa gaba ɗaya shi ne mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi dama ba mai iyawa ba ne. Malamanmu sun riga shi da sunan abin, yanke ƙauna. Abin da Ahlus Sunna suke a kai shi ne wanda ya tuba da gaskiya sa'an nan ya sake faɗawa, tubansa na farko bai ɓaci ba, sabon laifi ne da ke son sabon tuba, kuma ƙofa a buɗe take ko sau nawa ne. Shekarun nan bakwai an rubuta su, jikinka ma ya ci amfaninsu. Sai dai kada wannan ya zama maka izinin gwadawa, domin mafi yawan masu cewa ɗaya tak ba sa tsayawa a kanta. In ta auku, ka jefar da sauran a daren, kada ka jira Juma'a ko farkon wata, kuma ka faɗa wa mutumin nan naka da bakinka kafin gari ya waye.

Tsoho kuma kada ya ce lokaci ya wuce. Shi Doll ɗin nan ya bi likitocin Ingila shekara 50, ya fitar da sakamako a 2004: mai sha yana rasa kimanin shekara 10 na rayuwa, wanda ya bari yana da 40 ya ceci kamar 9, mai 50 kamar 6, mai 60 kamar 3. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma wanda Ya rubuta ajali Shi Ya rubuta sababi, kuma Shi Ya ɗora mana kiyaye rai.

Saura mas'alar rantsuwa, domin ana yawan tambaya. Wanda ya rantse da Allah ba zai ƙara sha ba sa'an nan ya sha, kaffara ta hau kansa: ya ciyar da miskinai 10, kowane mudu guda na mudun Annabi daga abincin garin, ko ya tufatar da su, in bai sami iko ba ya yi azumin kwana 3. Ya yi kaffarar ya koma kan barinsa. Amma ina gargaɗinku da abin da na ji waɗansu suna yi don su ɗaure kansu, watau mutum ya ce in ya ƙara shan taba matarsa ta saku. A mazhabar Imamu Malik, in ya sha, sakin ya auku, ko a daren da aka binne ɗansa ne, kuma matar da ta rasa ɗa da safe ta rasa aure da dare a kan karan sigari. Wanda ya riga ya furta irin wannan ya zo ya faɗi lafazin da ya yi daidai yadda ya yi shi, a duba masa, kada ya yi wa kansa fatawa. Allah Shi ne Masani.